Man giyar injina ya koma kalar koko, ta ina ruwa ke shiga?

Telan Nima: Salamu alaikum mutanen gida, da fatan an yi isha lafiya. Dan Allah waɗanda suka san injin jirgin ruwa ku zo ku cece ni. Ina da Yamaha 40 Enduro da na saya bara na haɗa da wasu masunta a Tema, su da kwalekwale da taru ni da inji, in an dawo daga teku a fitar da kason inji a ba ni. To jiya bosun ɗin, wato shugaban masuntan jirgin, ya kira ni wai in zo in gani da idona kar a ce shi ya faɗa, na hau trotro na je, ya kwance sukurun ƙasa na ƙafar injin, wato ɓangaren da ke shiga ruwa mai ɗauke da giya da farfela, a gabana, wlh abin da ya zubo ba mai ba ne, koko ne sak, suga da ƙosai kawai ya rage. Wata biyu kenan da aka zuba sabon man giya. Shi yana cewa in kawo kuɗi a sauke ƙafar gaba ɗaya a canza duk sil, wato robobin da ke hana mai fita da ruwa shiga, wani makanike a bakin ruwan kuma ya ce a'a a canza mai kawai a ci gaba da aiki tunda lokacin kifin amane ne kowace rana kuɗi ce. Ni abin da na sani keke da zare. Wanne zan bi?

Mai Shayin Mamobi: Man giya kuma Malam? A cikin musulmi? 😂

Telan Nima: Giyar inji ɗan'uwa, ba ta kwalba ba. Ka bar ni da abin da ke damuna.

Masta Tema: Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya rubuta maka magani amsa min tukuna. Da aka kwance sukurun, ruwa tsantsa ne ya fara fitowa sannan kokon ya biyo, ko tun farko a cakuɗe yake? Sukurun nan na ƙasa akwai maganaɗisu a bakinsa, me ka gani a manne, baƙin laushi kamar kwalli ko ɓarɓashin ƙarfe da za ka ji a yatsa? Sannan wanda ya zuba man wancan karon, sabbin washa ya sa ko tsoffin ya mayar?

Telan Nima: Masta sannu da zuwa, dama kai nake jira. Ruwa ya fara fitowa kamar cokali biyu, don injin ya kwana biyu a jingine ba a tashe shi ba. A jikin sukurun baƙin abu ne mai laushi, na murza ban ji tsini ba. Maganar washa kuwa ban ma san akwai ta ba sai yanzu, yaron bosun ne ya yi aikin.

Masta Tema: To alhamdulillah haƙoran giyarka ba su fara cin juna ba. Wannan kwallin kowane inji yana yinsa, in da ka ji ɓarɓashi ko ka ga man yana walƙiya kamar an zuba masa garin azurfa da sai in ce ka shirya aljihu. Amma duka shawarwarin biyu da aka ba ka ban yarda da su ba. Mai cewa a canza mai a ci gaba, ruwan da ya shiga jiya ai gobe ma zai shiga, kuma ruwan gishiri ne, boris, wato ƙwallayen ƙarfen da sanduna ke juyawa a kansu, ba ya haƙuri da shi. Mai cewa a canza duk sil shi kuma harbi yake a duhu da kuɗinka. Ƙofofin da ruwa ke bi sanannu ne, sil ɗin sandar farfela, sil ɗin doguwar sandar da ke saukowa daga inji wanda yake ƙarƙashin famfon ruwa, na sandar sa giya, zoben roba na gidan boris, sai washa biyun nan na sukurori. Ana gwadawa a gane wacce ce, ba duba ake ba.

Alhaji Magazin: Ni dai shekara ta fi talatin ina kwance giyabos a Suame, daga na Benz 207 har na manyan DAF. In sil ya fara sakin mai kuma babu lokacin tsayawa, man giya mai lamba 140 muke zubawa mai kauri, ya riƙe har a gama kaka. Ku yaran yanzu komai sai a kwance. Ka zuba 140 ka ci kasuwar amanenka, in ta wuce ka gyara.

Masta Tema: Ranka ya daɗe Alhaji, a mota maganarka dutse ce. Amma DAF ba ya kwana da giyabos a cikin ruwa. Matsalar tela ba fitar mai ba ce kaɗai, shigar ruwa ce. Ƙafar nan tana ɗumi in ana gudu, iskar da ke ciki ta kumbura ta tura waje, da an kashe inji ruwa ya sanyaya ta sai ta koma tana zuƙa kamar sirinji, duk inda ƙofa take nan za ta ja ruwa. Kaurin mai ba ya hana wannan. Kuma abin da kamfanin ya rubuta man giya ne mai lamba SAE 90, irin wanda ake kira haifoyid, akwai ƙananan hanyoyi da man ke bi ya hau wurin boris ɗin sama, in ka cika masa kauri ka rage masa tafiya.

Alhaji Magazin: To 90 ɗin ma ai akwai shi a kowane shagon mai, me ya sa sai na kwalin da aka zana jirgi a kai wanda kuɗinsa ya ninka? Mai mai ne. Wayon Turawa ne kawai.

Bogan Hambog: Alhaji gsky a nan zan ɗan saɓa maka da girmamawa. Ina aiki a wurin ajiye ƙananan jirage a nan Jamus, 80W-90 na mota GL-5 zai yi aiki lafiya lau matuƙar babu ruwa a ciki, har littattafan wasu injuna sun yarda da shi. Bambancin na ruwa shi ne an sa masa sinadarin da in ruwa kaɗan ya shiga zai haɗiye shi ya ci gaba da shafa ƙarfe, kuma yana tare tsatsa. Wato yana saya maka lokaci ne ka dawo gaɓa. Mu nan abin da ya sa ba a wasa da shi, kafin hunturu dole a sauke man kowane inji, don in akwai ruwa a ciki ya daskare sai ya fasa gidan giyar kamar yadda kwalba ke fashewa a firiza. Ku kun huta da wannan, amma gishirinku ya fi namu aiki.

Alhaji Magazin: Kai ma ka ce zai yi. Shi ke nan.

Bogan Hambog: Na ce in babu ruwa Alhaji 😅 na tela kuwa koko ne.

Masta Tema: Ni in mutum ya kawo min 90 na mota mai kyau ba na kora shi, ya fi a bar tsohon. Wanda ba na yarda da shi injin oyil, da kuma man da ake aunawa a galan marar suna a bakin titi. Na taɓa buɗe ƙafar da aka ɗura wa baƙin man mota da aka sauke, finiyan ɗin, wato ƙaramar giyar, ya zama shuɗi don zafi, haƙoran sun kwanta kamar bakin tsoho.

Baban Yeji: Salamu alaikum, yanzu netwok ya dawo. Ɗana tela, kafin a kai ga famfo da gwaji, an cire farfela an duba bayanta? Ban ga wanda ya faɗi haka ba. Mu nan tafkin Volta, in ka kawo min injuna goma masu koko, mafi yawa zaren nailan ne. Guntun taru ko zaren fatsa da wani ya yar, ya naɗe a sanda bayan farfela inda ido ba ya gani, yana juyawa yana zafi har ya narke ya zama kamar faifan roba, ya dinga cusa kansa cikin leɓen sil yana yanka. Daga waje ba za ka ga komai ba wlh, inji na gudu lafiya. Sai ka cire fin ɗin, ka kwance noti, ka zare farfela da washar ƙarfen da ke bayanta sannan za ka gan shi. Amma a cire hular fulogi tukuna, a sa katako a tare farfelar, kar wani ya riƙe da hannu, na san mai yatsa huɗu saboda haka.

Masta Tema: Baba ya riga ni, can na nufa. Allah ya ƙara girma.

Baban Yeji: Na biyu kuma, ku na teku ba ku cika samunsa ba amma mu shi ne abincinmu, kututture. Tun da aka tare ruwa a Akosombo a 1965 dajin da ruwa ya cinye itatuwansa na nan tsaye a ƙasa, in ruwa ya ja baya sai ka ga kawunansu, in ya cika kuwa sai dai ka ji gum. Farfela ta daki ɗaya sanda ta ɗan lanƙwashe, ko da ido bai gani ba, to ko sil na zinariya ka sa sati biyu ya buɗe. In kun cire farfelar ku sa giya a furi ku juya sandar da hannu, ku kafa wata waya kusa da bakinta ku kalla, in tana matsowa tana ja da baya kamar mai rawa to ba sil ne ciwon ba. Ka tambayi bosun ko sun taɓa dukan dutse ko ƙasa wurin shigowa.

Telan Nima: Baba na tambaye shi yanzu, ya rantse ba su daki komai ba. Farfela kuma ya ce tun da aka sayi injin ba a taɓa cire ta ba.

Masta Tema: Shekara guda a ruwan gishiri ba a cire ba, ba giris. Innalillahi. Ka yi addu'a ta fito da daɗi.

Hajiya Mai Kifi: Ku bari in sa baki ko da ba fita ba ce ni. Tela ƙanina, kar ka saurari mai cewa a lallaɓa. Shekara uku da suka wuce ni na sayi inji na ba wasu yara, sharaɗi duk kifin da suka kamo ni za su fara sayar wa. Bosun ya faɗa min mai yana fari, na ce a lallaɓa zuwa bayan bikin Homowo don kasuwa ta buɗe kuma na riga na karɓi kuɗin mata masu ƙyafe kifi. Kullum sai su ƙara mai su fita. Ran da abin zai faru sun cika jirgi, suna hanyar dawowa inji na kuka amma jirgi ba ya tafiya, giya ta tafi. Sai da wani jirgin ya jawo su, na biya man jan, ƙanƙara ta narke, kifin da ya iso rabi sai masu abincin kaji. Ƙafa sabuwa na saya. Har yau in na ga koko da safe sai na tuna. Kuma Allah ya taimaka teku na kwance ranar, da rai ake magana ba kifi ba.

Mai Shayin Mamobi: Hajiya kar ki ɓata mana kasuwar koko dan Allah, ƙanwata ke sayarwa.

Hajiya Mai Kifi: Kai dai ka ji da butarka.

Tican Madina: Ni tambayata ga Masta. Na sauke littafin injin a waya ina karantawa, an ce a canza man giya bayan awa 100 na aiki. To na yi lissafi, in jirgi na gudu awa 6 a rana, kwana 6 a sati tunda Talata ba a shiga teku, awa 36 kenan, kafin sati uku ya cika an kai 100. Amma kowa na ji yana cewa wata shida ko shekara. Wata biyun da tela yake gani kamar jiya, a lissafin nan ya kusa ninka ƙa'ida uku. Ko ni ne ban gane ba?

Masta Tema: Tica ka gane sarai. Wancan na shekara na masu jirgin shan iska ne da ke fita ran Lahadi a Ada su dawo su rufe da tampol. Awa ake ƙirgawa ko watanni, duk wanda ya riga zuwa. Amma in faɗa maka gaskiya babu bosun ɗin da zai canza duk sati uku, na gaji da faɗa. Abin da nake roƙonsu, wata wata a lokacin aiki, sannan duk Talata tunda ana zaune ana ɗinkin taru a ɗan sassauta sukurun ƙasa a ga ɗigo biyu uku a mayar. In ruwa ne shi zai fara fitowa don ya fi mai nauyi yana kwanciya a ƙasa. Kuma man nan fa ba wani yawa ne da shi ba, inji mai ƙarfin doki 40 ba ya cin rabin lita, mai 15 kwata ne. Kuɗin premix, wato fetur ɗin da aka haɗa da man inji, na fita ɗaya ya saye shi sau nawa.

Alhaji Magazin: A nan kam na yarda da kai. Mai arha ne, ƙarfe ne tsada.

Ɗan Ashaiman: Tunda ana maganar, ni ma tawa 15 tana ɗigar da baƙin mai ta tsakiyar farfela in na jingine ta, har ya ɓata min siminti. Sil ɗina ya tafi kenan?

Masta Tema: Shafa a yatsa ka shinshina. Man giya warinsa daban ne, kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ba ka manta shi. In warin fetur da hayaƙi ka ji kuma baƙi ne kamar kwalta to ragowar man premix ne da bai ƙone ba, injunan da hayaƙinsu ke fita ta cikin farfela duk suna yi, balle in ana yawan barinsu a silo ko an ƙara mai a kan wanda aka riga aka haɗa. Don ka kwanta da hankali buɗe sukurun sama inji na tsaye, in mai na nan daf da ramin kuma kalarsa garau, ka wanke simintinka kawai.

Ɗan Ashaiman: Fetur ne wlh. Har na yi cinikin sil a Abossey Okai, Allah ya sa ban biya ba.

Bogan Hambog: Gara da ba ka biya ba. Wannan ma wani tarkon ne, za ka kai tsohon sil su auna su ba ka na mota mai lamba ɗaya, ya zauna daram ka yi murna. Amma ɗan sifirin ɗin da ke cikin leɓen na mota ƙarfe ne na kawai, na ruwa silba ne marar tsatsa. Wata ɗaya biyu a gishiri sifirin ya tsinke, leɓe ya saki.

Alhaji Magazin: Mu a Magazin sai mu cire sifirin ɗin mu sa zoben roba a wurin. Dabara ba ta ƙarewa.

Masta Tema: Na ga masu yi Alhaji, a tafki wataƙila ya kai ka wani lokaci. Ni dai ba zan sa wa mutumin da zai yi nisan da ba ya ganin gaɓa ba.

Yaron Masta: Masta in ka yarda in faɗi na zuba mai, don ni na sha duka a kansa 🙈

Masta Tema: Faɗi, in ka yi kuskure gobe akwai wani.

Yaron Masta: Yaya tela, ka tambayi yaron bosun ta ina ya zuba. Da yawa ta sama suke ɗurawa da mazurari kamar mota, iska ta tare a ciki, mai ya cika baki su ce ya cika alhali rabi ne. Ta ƙasa ake yi. Inji a tsaye cak, a buɗe duka biyu tsohon ya tsiyaye sosai, in koko ne a ba shi lokaci don ba ya son fita. Sai a kafa bakin roba ko famfo a ramin ƙasa a dinga matsawa a hankali har mai ya ɓullo ta ramin sama babu kumfa. Kar a cire robar, a fara ɗaure sukurun sama, shi zai riƙe man kamar yadda kake toshe bakin tsinken shan lemo da yatsa, sannan a zare a yi maza a ɗaure na ƙasa. Kowane da sabuwar washa, kuma a leƙa ramin a tabbata tsohuwar ba ta manne a ciki ba, ni laifina kenan, na ɗora sabuwa kan tsohuwa inji ya dawo da ruwa bayan kwana huɗu. Sukurun kuma a samu sukundireba mai faɗin baki da ya cika tsagar, in ya ƙi a sa na bugu, in ka cinye kan da ƙaramin sukundireba ranar ba za ka ci waakye da daɗi ba.

Masta Tema: To ka tsira.

Telan Nima: Na tambaya. Ta sama ya zuba, washa kuma tsoffin, wai ɗaya ma ta tsage sai ya naɗa zaren buhu a wurin. Jama'a ni da kuɗina.

Hajiya Mai Kifi: Zaren buhu! To wannan kuɗin gyara ba kai kaɗai za ka biya ba, a cire daga gaba ɗaya kafin a raba. Haka muke yi, abin da teku ta ɓata na kowa ne, abin da sakaci ya ɓata ma bosun ya sani.

Tican Madina: Hajiya amma ai kason inji da yake karɓa don irin wannan ne. In an ce ma'aikata su biya gyara, gobe za su ɓoye masa in mai ya yi fari, wanda ya kira shi ya zo ya gani ai ya kyauta.

Hajiya Mai Kifi: Tica kana da gaskiya ta wani gefen, shi ya sa ban ce a cire daga kason yara ba. Amma in mai inji ya nuna komai shi zai ɗauka, wlh ko fulogi sai an kira shi daga Nima.

Baban Yeji: Ku bar rabon kuɗi sai an ga ciwon. Tela ka saya mai da washa da hannunka ka ajiye wurin bosun, dozin guda, ba su da tsada. Wanda ba shi da washa shi ke neman zaren buhu.

Masta Tema: Ka kawo shi ran Talata da safe, ba a rasa ranar aiki ba kenan. Yau dai su tsiyaye kokon su zuba sabo ko ba za a fita ba, kar a bar boris a jiƙe da gishiri ko a bar gidan fanko iska ta shiga, nan da nan tsatsa ke kamawa. Kuma kar su zubar a yashi ko a kwata, a tara a galan, abin da ke gangarowa daga kogin Odo na Accra ya ishe mu.

Telan Nima: Salam jama'a, ga rahoto, yanzu na dawo daga wurin Masta. Farfela ta ƙi fita sai da aka jiƙa ta aka yi ta lallashi da katako kusan awa guda, Masta yana yi yana yi wa bosun wa'azi da yaren Ga. Da ta fito, abin da Baba ya faɗa ne ba ƙari, wani koren faifai mai tauri a manne, na ɗauka wani sashe ne na injin har na ce a yi hankali kar a fasa, yaron Masta ya sa wuƙa ya ɓanɓare sai ga zare yana warwarewa, da wata leda ta fiyawota a ciki. Sannan aka sauke mai aka ɗaura wani ɗan famfo mai agogo a ramin, Masta ya buga iska kaɗan, allurar ta fara sauka muna kallo. Aka shafa ruwan sabulu, kumfa ta tashi a bayan farfela, ta kuma tashi a sukurun sama wurin zaren buhun. Sauran wuraren shiru.

Tican Madina: Iska nawa ake bugawa Masta? Ina da famfon keke.

Masta Tema: Kaɗan ce tica, yawancin injuna tsakanin psi 10 da 15 a ma'aunin iska, ka duba littafin naka kar ka wuce. Famfon keke ba agogo ko kwamfresan masu faci zai tura sil ɗin waje ka ƙirƙiro ciwon da babu. Kuma sai an sauke mai, kana gwadawa kana juya sanduna kana sa giya kana cirewa, don wani sil ɗin sai an motsa yake nuna hali. Bayan turawa ina kuma zuƙa, akwai wanda ke riƙe mai amma ba ya riƙe ruwa. Na tela sanda miƙe take, wurin zaman sil ma zaren bai yi mata kwari ba, da ya ƙara wata ɗaya da sai mun yi maganar sanda. Sil biyu na farfela na canza da zoben gidan boris tunda na riga na zaro shi, na ɗauki hoton yadda tsoffin ke fuskanta kafin in cire don kowane kamfani da tsarinsa, na cika tsakaninsu da giris, na shafe sandar farfela ita ma. Na sake bugawa allura ta tsaya cak.

Alhaji Magazin: Da ka sauke ƙafar ka canza imfela, robar famfon ruwa, gaba ɗaya tunda shekara ta zagayo.

Masta Tema: Na so Alhaji, tela ya ce aljihu ya yi fari kamar man. Fitsarin injin, wato ruwan sanyaya shi da yake tsartowa, na fita da ƙarfi, mun bar shi zuwa ƙarshen wata, lokacin dama zan sake sauke man don kwashe sauran danshin. Na dai ja kunnen yaran kar su ƙara tashinsa a kan yashi ba ruwa wai suna gwaji, robar nan ba ta jure ko minti ɗaya a bushe.

Baban Yeji: Madalla. A dinga cire farfelar nan ko sau ɗaya a wata.

Hajiya Mai Kifi: To kuɗin fa, wa ya biya?

Telan Nima: Ni na biya sil da aikin Masta, bosun ya ɗauki mai da motar da ta kawo injin, ya ce duk Talata zai turo min hoton ɗigon man a kan farar takarda. Washa dozin na saya kamar yadda Baba ya ce. Koren faifan kuma na taho da shi, yana nan kan kekena kusa da kwandon zare, wani kwastoma har ya tambaya ko maɓalli ne.

Mai Shayin Mamobi: Tela guda zare ya kayar da kai 😂 gobe ka biyo ka biya bashin shayin sati biyu tunda inji ya tashi.

Telan Nima: Sai jirgi ya dawo ran Alhamis. Hajiya nawa ake sayar da kwandon amane yau?